VIVA ta Tagar Mama

Litinin, 9 ga Satumba

Jinya na zo, aka miƙo mini almakashi. Tun da ɓarin jikin Mama ya shanye hannunta na dama bai sake riƙe komai ba, amma bakin yana nan daram. Tun kafin a haife ni ita ke yanka tutocin takarda da ake ratayawa a layinmu ranar bikin 'yancin kai. Bana Doña Herminia, shugabar kwamitin unguwa, ta ce a sayo na leda daga birnin Puebla, "kada a wahalar da mara lafiya". Mama ta jiyo ta. Ta ce, "Ba a binne ni ba tukuna. Leticia za ta yanka."

Ba wanda ya tambayi Leticia, wato ni.

Talata, 10 ga Satumba

Ni da nake koya wa ɗalibai a jami'a cewa rabin labarin bikin nan ƙari ne, yau ga ni tsakiyar kore, fari da ja, launukan tutar ƙasa. Takardar kamar ɓawon albasa. Ka hura ta ma sai ta yage.

Alhamis, 12 ga Satumba

A ninke, a zana gaggafa da kalmar VIVA, wato "rai ya daɗe", a yanke. Wai shi ke nan.

Mama ta ɗaga ɗaya da hagu. "Wannan kazar, mota ce ta taka ta?"

"Gaggafa ce, Mama."

"Allah ya jiƙanta."

Juma'a, 13 ga Satumba

Kunun fulawar da nake liƙi da shi ya yi ruwa, ja ya zuba a kan fari. Na daɗe a banɗaki. Wanke fuska kawai.

Asabar, 14 ga Satumba

Likita ya ce ba zuwa dandali kallon biki gobe, ko a keken guragu. Herminia ta shigo dubiya, da murmushinta na mai jiran gado. "Dakta, na ledar suna gidana fa, ko da za a buƙata." Mama ta juya fuska bango. Ba ta ci komai ba har yamma.

Na koma kan almakashi. Babban yatsana ya yi bororo.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na ari tsanin maƙwabcinmu Don Celso na rataye su da safe. Gidanmu ne ƙarshen layi, tagar Mama tana kallon bayan duk abin da aka rataya wa masu shigowa daga dandali.

Herminia ta tsaya a bakin layi, hannu a ƙugu. "Dakta, duk bokon nan? AVIV muke karantawa daga nan. Wane waliyyi ne kuma Aviv?" Har mai gasa masara sai da ya dara.

Na ce kuskure ne, haruffan gaba da baya duk kamarsu ɗaya. Ta ce to a juya su. Na ce tsanin ya ɓata.

Da na shiga ɗaki na tarar Mama ta zuba wa taga ido, leɓenta na motsi, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Haruffan A ɗin naki duk sun karkace," in ji ta. Can ta ce ko akwai sauran miya a tukunya.

Tsanin yana bayan tankin ruwa, ƙarƙashin tsohon bargo. Ba na jin zan gan shi kafin jibi.