Tabon da Na Ce na Murhu Ne

Daga admin: wata uwa ce ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. Sa'ar kakanninmu ce, a yi mata magana da ladabi.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, ni da aka saba zuwa ɗakina neman shawara yau ga ni na rasa ta kaina. Tsohuwar ungozomar asibiti ce ni, na daɗe da yin ritaya, ina zaune a Kazaure. Sai na ɗan koma da ku baya kafin ku gane matsalar, ku yi haƙuri da zancen tsofaffi, ba ya gajarta.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, ina budurwa, ban daɗe da kama aiki ba. Da ma kun ga Kazaure a lokacin! Malamin makarantar da jiya yake tura keke yau ga shi a kan babur, malamin gona ya saya, akawun kotu ya saya, wanda bai iya hawa ba ma ya saya ya jingine a zaure yana gogewa safe da yamma. Akwai wani dila, in kira shi Alhaji Ɗanjuma, mutumin Babura ne, har ana tsokanarsa wai sunan garinsu ne ya zame masa sana'a. Ya yi ciniki kamar ba gobe, sannan kasuwa ta tsaya cak, don duk mai albashin da zai saya ya riga ya saya. Ga shi kuma ya kwaso wasu ƙananan babura marasa kuloci, kakannin waɗanda kuke kira roba-roba yanzu, maza suka ce su ba sa hawan abin da ba shi da tanki a gaba, wannan na mata ne. Alhaji ya ce to madalla, tunda na mata ne bari in nemo masu shi.

Haka ya sallamo asibitinmu. Ya ce rabin garin nan mata ne, kuma da idonsa ya ga mata suna hawa a Damagaram ba abin da ya same su, duk wadda ta yarda za a koya mata kyauta, sai ta iya sannan a yi zancen ciniki. Kowacce ta noƙe sai mu biyu, ni da Sista Rahila, wata Kirista 'yar kudancin Zariya da muke ɗaki ɗaya. Ita ba ta san tsoro ba, ni kuma ba na son a fi ni, halina ke nan har gobe. Rahila ce ta fara iyawa, sai ta riƙa riƙe min kariyar babur ɗin a filin bayan makaranta, Alhaji yana can nesa yana ta ihun birki, birki. Ranar farko na murɗa totur na faɗa gonar gero, babur ya danne ni, salansa ta kwanta min a sha-raɓar dama. Tabon yana nan har yau, faɗinsa kamar tafin hannun jariri.

Daga nan fa sai hanya. In ɗaure akwatin aiki a kariya in bi ta cikin duwatsun Roni, in ɓulla ƙauyukan Gwiwa, matar da a da sai an ɗoro ta a amalanken shanu tana naƙuda yanzu ni nake iske ta a ɗakinta. Yara su bi ni da gudu, tsofaffi su yi ta salati, amma in haihuwa ta zo da gardama ni ɗin dai ake aika wa. Alhaji kuwa ya samu talla ta banza, malamai mata suka fara zuwa shagonsa, har mazan da suka raina abin suka lallaɓo da suka ji ba ya shan mai, kowa ya ce wai na iyali ne. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wancan lokacin ba.

Sai aure ya zo. Malam, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, a kan hanya ya fara ganina, kuma bai ɓoye min ba abin ya burge shi. Amma danginsa suka ce sam, a bakinsu ba ni da suna sai mai babur. Bai tilasta min ba, roƙona ya yi, in sayar da babur ɗin, kuma in Allah ya ba mu 'ya'ya kada su taɓa jin zancen don kada a riƙa yi musu gori. Ina son sa, na ɗauki alƙawari da bakina. Aka yi ta yi mana canjin wurin aiki gari gari, kafin mu dawo kaya sun yi tsada, shagon Alhaji ya rufe, Rahila ta koma garinsu, waɗanda suka sani suka yi ta raguwa. Da yara suka tambayi tabon na ce musu murhu ne.

To yanzu ga inda gizo yake saƙar. Ina da jika, in kira ta Safiya, 'yar ɗana na fari, ita ce ta gaje ni a aiki. An tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Gwiwa, ita kaɗai ce ungozoma a wurin, kullum a acaɓa take zuwa, ɗan acaɓar yau ya zo gobe ya ce an yi ruwa ba zai shiga laka ba. Watan jiya ta isa a makare, ta tarar an gaji da jiranta an tafi da mai naƙuda a amalanke, jaririn bai zo da rai ba. Na san rai na Allah ne, na gaya mata, amma a cinyata ta yi kukan. Ana cikin haka sai ga wani dila, shi ma kasuwa ta yi masa sanyi, ya zo wa ma'aikatan lafiya mata da zancen nan dai na Alhaji, kamar a bakinsa ya ji, za a koya musu kyauta, mako mai zuwa za a fara.

Safiya ta ce za ta koya, ubanta ya ce bai yarda ba. A tsakar gidana suka yi ta, ita tana kuka tana ce masa tuƙa kanta ya fi mata mutunci a kan goyon namijin da ba muharraminta ba, shi yana cewa a zuriyarmu ba a taɓa yi ba kuma ba za a fara a kansa ba. Sai ya nuna ni, ya ce ta dubi Hajiya, duk shekarun da ta yi tana aikin asibiti wa ya taɓa ganinta a kan babur? Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, tsakanina da shi gaisuwa ce da addu'a, ta ina zan fara? Safiya ta ce in haka ne za ta ajiye aikin, ba za ta sake zuwa ta tarar da irin wancan ba, shi kuma ya ce ta ajiye.

Shekaranjiya ta zo tana shafa min man zafi a ƙafa, sai na ji hannunta ya tsaya a kan tabon. Ta ɗage bakin zanenta ta jera ƙafarta da tawa, ga nata sabo, salansar ɗan acaɓa ce ta lasa mata, wuri ɗaya da nawa.

Ta ce, “'Yar tsohuwa, murhun nan naki har da salansa gare shi?”

Na ce ta kiyaye ni.

Ta yi dariya ta ce, “To wane saurayi ne ya goya ki, kafin Malam ko bayansa?”

Wallahi bakina ne ya riga hankalina. Na ji kaina ina cewa, “Goyo? Ni nake goya mutane, yarinya.”

Dariyar ta ɗauke. Ta rufe kwalbar man ta ce, “Hajiya, ke kaɗai Abba yake jin maganarki.”

Tun daga nan ba na iya cin abinci. In na yi magana na karya alƙawarin mutumin da ba ya nan balle in nemi ya sauke min, alƙawari kuwa kaya ne, kuma in sa ɗana ya ji kunya a gaban 'yarsa, ya gane uwarsa ta yi masa ƙarya tun yana ƙarami. In na yi shiru ƙauyen nan ya rasa ungozoma, kuma da sunana aka rufe wa yarinyar ƙofa, ni da na fi kowa sanin abin da babur yake yi wa mai naƙuda.

Malamai na cikinku, irin wannan alƙawarin yana bin mutum har bayan ran mai shi? 'Ya'ya maza, in uwarku ce ta zo muku da wannan, da wane ido za ku dube ta? Ku gaya min yadda zan yi don Allah, kwanaki suna tafiya. Safiya kuwa, duk sanda ta durƙusa gaishe ni, ƙafata take kallo.