Fiton da Ban Ji Ba

Lahadi, 6 ga Maris, 1983
Gwadabe ya ɓata min rai yau. Don yana shugaban ƙungiyar kiɗanmu ta masaƙa, sai ya kinkimo sabuwar amfilifaya, akwatin ƙara sauti, mai tiransisto daga Bompai, wai da ita zan kaɗa jita ranar bikin abokin aikinmu Idrisu. Tawa fa? Wai ta tsufa. Gadon Baffa ce, tun shekarun sittin, mai 'yan kwalaben lantarki a ciki. Sai ta yi ɗumi take magana, amma in ta buɗe murya har a ƙirji kake jin ta. Tasa kuwa kamar ana kankare ƙanzo.

Talata, 8 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a ɗakin injinan saƙa a Sharaɗa, inda ba a magana sai da hannu. Kiɗan nan kaɗai nake da shi. Shi ma sai an sa min ido?

Alhamis, 10 ga Maris
Bayan la'asar muka jera amfilifayoyi uku: tawa, da ta shekarun saba'in ta Uba mai kaɗa jitar baya, da sabuwar. Jita ɗaya muka gwada su da ita. Ta Uba ba laifi, akwai kauri, zaƙi ne babu. Sabuwar ƙara ce zalla. Ana zuwa kan tawa duk suka toshe kunne. "Labaran, fito take yi!" Wane fito? Wallahi haɗa baki suka yi. Gwadabe ya ce in na nace sai ita, Uba ya karɓi jitar gaba. Na ɗaure abata a keke, ko sallama ban yi musu ba.

Juma'a, 11 ga Maris
Munafukai.

Lahadi, 13 ga Maris
Na kunna amfilifayata a gida don in huce. Sai ga matata Jummai da ludayi a hannu: "Malam, don Allah kashe, fiton nan har cikin haƙorina." Na daka mata tsawa, na ce ke ma Gwadaben ne ya aiko ki? Ta ce wai sau uku ta kira ni ɗazu tana bayana. Wai tun bara ba ta yi min magana sai ta zagayo gabana. Ban ci tuwon ba.

Litinin, 14 ga Maris
Yau na lura a wurin aiki, ba na jin usur ɗin mai duba mu. Miƙewar mutane nake gani in bi. Tun yaushe? Allah ya isa tsakanina da injinan nan! Dattawan ɗakinmu suna cusa auduga a kunne, ni kuwa ina ta yi musu dariya.

Laraba, 16 ga Maris
Na zaunar da Jummai gaban lasifika, na riƙa ƙwanƙwasa kwalaben da fensir ɗaya bayan ɗaya don ta gano min mai fiton. A ta uku ta yamutsa fuska. Na cire, na sa wadda Baffa ya bari naɗe a tsumma. "Ya ɗauke," in ji ta. Ni ban ji bambancin komai ba.

Asabar, 19 ga Maris
An yi biki, kuma da tawa na kaɗa a gaba. Gwadabe ya ce muryarta ta dawo. Tasa dai har gobe ƙanzo ce. Jummai tana cikin mata, duk sanda na murɗa ƙara fuskarta nake dubawa.
Na sa auduga a aljihun rigar aiki.