Filin da Na Cike a Bakin Teku

Ikko, 9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Hamidu, Wagini.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya jikin Inna, ya shanu?

Na fito daga asibiti. Buhunan simintin da suka rufto mini a tashar jirgin ruwa sun farfasa kwatangwalona, sai likitoci suka sa mini na ƙarfe. Likitan ya ce don tsofaffi aka ƙera shi, in na wahalar da shi zai cinye tun ban kai shekara arba'in ba. Na ce to. Bai san 'yan Wagini ba.

Albishirinka, na samu wani dausayi a bakin teku, ba mai shi sai sauro. Zan cike shi da yashi. Ka tuna yadda Baba ya sari daji a Ruma: wanda ya share, shi ke da gona. Rabona na gonar gado kuwa a bar wa ƙaninmu Jafaru, na yafe masa duniya da lahira.

Ƙaninka,
Sahabi.

Ikko, 2 ga Yuni, 1979

Yaya, bayan gaisuwa, ina fatan damina ta sauka lafiya.

Shekara uku ke nan ina jidar yashi da kwanon sarki. Inda ruwa ke kai wa gwiwa yanzu ƙasa ce tauri, har na kafa rumfa. Ƙarfen dai ya fara ƙara in na taka, kuma zaman tahiya ya gagare ni, a kan benci nake salla kamar tsoho. Kada Inna ta ji. Ana ta surutun wata dokar ƙasa a rediyo, ban kula ba. Da na tarar da wurin duk ruwa ne, ina dokar take?

Naka,
Sahabi.

Ikko, 14 ga Janairu, 1982

Yaya Hamidu, ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya sa kuna lafiya. Ni kam ba ni da lafiya.

Masu awon ƙasa sun zo sun kafa turaku. Wai duk abin da ke bakin teku na hukuma ne, ko wa ya cike shi. Suka tambayi takarda, na nuna musu kantar hannuna. Katafila ta kwashe rumfar, babban ma'aikacinsu har yana yaba taurin wurin. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Na koma wurin likita. Ƙarfen ya kwance, ƙashin da ke riƙe da shi ya zagwanye, ba inda za a kafa wani. Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Wallahi Yaya, kunya ta fi ciwon yawa.

Kada ka yi wa Jafaru maganar gona. Ko ya mayar mini, ba ni da ƙugun sunkuyawa.

Zan sauka Batsari ranar kasuwa. Ka zo mini da jaki.

Wassalam,
ƙaninka Sahabi.