Komawar Baba zuwa Jibondo

Nyamisati, Talata

Yaya Shomari,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Zuhura da yara. Yaya aikin Mtwara?

An sallami Baba daga asibitin birnin Dar, mun kamo hanyar gida, tsibirinmu na Jibondo. Tikitin jirgin sama da ka aiko kuwa ya ce sam, wai mai sassaƙa jirgin ruwa ba ya hawa abin da bai ga katakonsa ba. Haka muka sha jijjiga a mota har nan bakin ruwa, yana cikin riga uku da kwat, wai sanyi. Yau kwana biyu iska ta hana jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Mafia tashi. Wallahi tsohon nan ya ishe ni. Ya ce in gaya maka ya murmure har ya yi ƙiba, kada ka baro aikinka.

Ƙanwarka,
Mwajabu

Jibondo, Asabar

Yaya,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kuna lafiya. Mun iso, amma ka zauna kafin ka karanta.

Da iska ta ƙi kwanciya muka koma Dar, dole ya yarda da jirgin sama. Ashe ƙaramin jirgin nan sai an auna mutum kamar yadda ake auna kaya. Baba ya sani, ni ce ban sani ba. Ya ce in je in sayo ruwa, na ƙi. Ya hau sikeli bai dube ni ba. Kilo talatin da tara, Yaya, har da kwat ɗin. Mutumin da ke saɓa gungumen itace shi kaɗai. A jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ki rubuta wa Shomari." Na ce to. Ga shi na saɓa, Allah ya yafe mini.

Daga Mafia muka shiga kwalekwale. A bakin Jibondo mun tarar ruwan teku ya janye, sai an taka laka mai nisa kafin tudu. Ya yi taku huɗu ya tsaya. Na duƙa, bai ko yi gardama ba. Na goye shi har ƙofar gida, ban yi haki ba.

Tsoro nake ji. Kada ka jira hutun ƙarshen shekara, ka taho makon nan.

Ƙanwarka,
Mwajabu