Kyanwar Babanmu Tana da Kansar Hanji, Na Kasa Faɗa Masa

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san wasu za su karanta wannan su yi dariya, su ce mutane na fama da matsalar aure da rashin aikin yi, ita kuma wannan ta zo tana kuka a kan kyanwa. Su yi dariyarsu, a gida ma an yi min har an gaji. Ke dai ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni ke zaune da Baba tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Baba kafinta ne, ko in ce a da kafinta ne. Kyanwar nan a shagonsa ya tsince ta shekarun baya, cikin garin katako a ƙarƙashin teburin aiki, 'yar firit, kai ya fi jiki girma. Ya ce wannan ai ƙusa ce ba kyanwa ba, sunan kuwa ya bi ta. Ƙusa ta girma ta yi ɓul-ɓul, har maƙwabta suna tsokanar Baba wai lokaci ya yi da za a canza mata suna zuwa Guduma.

Bara waccan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, magana ma ta ɗauke. Mutumin da in ya fara ba da labari sai ka nemi kujera, yanzu sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya har gumi ya keto masa. Sunana ma ba ya iya faɗa. Amma Ƙusa yana faɗarsa tsaf, ba gargada. Da farko abin ya sosa min rai, ba zan ɓoye miki ba, daga baya na gode wa Allah da ya bar masa ko da kalma ɗaya. Kujerarsa tana bakin taga, ita kuma wurin kwanciyarta cinyarsa ta hagu. In na kawo abinci, da hannun hagun nan yake gutsuro nama ko kifi ya miƙa mata, sai ta ci sannan ya ci. Shi ne aiki ɗaya da ya rage yana yi wa wani, sauran duk yi masa ake yi.

Watannin baya ta fara amai. Na ɗauka gashi ta haɗiye kamar yadda suka saba. Sai ya zama kusan kullum, wani lokaci kumfa, wani lokaci abincin yadda ta ci shi. Zawo ya biyo baya. Ita da ba ta taɓa ɓata ɗaki ba, ta koma yi a bayan firji da ƙarƙashin gado, in ta yi kuma sai ta ɓuya kamar mai jin kunya. Gashinta ya dushe. In na ɗaga ta sai in ji kamar tsumma na ɗauka, ƙashin bayanta duk a waje.

Na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya ba da maganin tsutsar ciki, ya ce a canza abinci, ba a ga sauƙi ba. Aka ɗebi jini, aka aske mata ciki aka yi hoto. Ya juyo min da allon na'urar yana nuna min wai bangon hanji ya yi kauri, ni dai ban ga komai ba sai fari da baƙi, ina ta gyaɗa kai kamar na gane. Daga ƙarshe suka yi mata allurar barci suka ɗebo ɗan nama daga hanjin aka tura gwaji.

Ina shagon da nake aiki sakamakon ya same ni. Labule da rigunan kujeru muke ɗinkawa. Ina kan keke ina kalmasa bakin wani dogon labule waya ta yi ƙara, likitan ne. Ya ce kansa ce, wato ciwon daji, irin mai tafiya a hankali. Ba ta warkewa, amma da magani da abinci na musamman wasu kan yi shekara ko fiye cikin sauƙi, wasu kuma jikinsu ba ya karɓar maganin. Na ce masa na gode, ban ma san godiyar me nake yi ba. Na ci gaba da taka keke, sai da uwar ɗakina ta dafa ni ta nuna min na haɗa gefen mayafina da labulen mutane na ɗinke. Ta zauna da kanta ta farke.

Tun ranar gidan ya zama filin yaƙi. Ƙwaya iri biyu aka ba ni, ɗaya ma sai na sa safar hannu kafin in taɓa ta. Ƙusa ba ta yarda. Sai na naɗe ta da tawul, in buɗe bakin da ƙarfi, ta yakushe ni, in na sake ta kuma ta je bayan ƙofa ta tofar. Hannuna duk shaida. Yanzu ko takuna ta ji sai ta shige ƙarƙashin kujerar Baba, shi kuma ya bi ni da wani irin kallo, kamar yana tambayar laifin me ta yi min. Na ce masa maganin tsutsa ne. Har yau a haka ya sani.

Abincin ya fi komai tayar min da hankali. Likita ya ce na gwangwanin da ya rubuta kawai, ko loma ɗaya kada ta ci daga kwanon mutane. Sai na fara kulle ta a kicin in Baba zai ci abinci. Ita tana kuka tana kartar ƙofa, shi yana ta kiran sunanta, ni ina tsaye a tsakiya da faranti. Ranar farko ture kwanon ya yi. Yanzu yana ci, amma bai fi rabi ba, wandonsa ma ya fara yi masa yawa. Shekaranjiya zuciyata ta karye na buɗe mata. Ya ba ta kifi, fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Na fita shanya, ba a jima ba ta amayar da shi a cinyarsa. Na dawo daga shanya na same shi zaune cikin aman, bai iya gogewa ba, bai iya kirana ba, yana dai ta shafa bayanta. Na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska sannan na zo na gyara su.

Na kira babban yayanmu. Ya ce kul na kuskura na faɗa wa Baba, mai hawan jini ba a kai masa irin wannan labari, in wani abu ya same shi ni ce. Shawararsa a ɗauke ta a mayar wa likita ya san yadda zai yi da ita, a ce wa Baba ta fita ba ta dawo ba. Yayata mace kuma ta ce a unguwarsu akwai mai irin kalarta sak, a kawo a ajiye. Sai ka ce hankalin Baba ne ya shanye ba hannunsa ba. Amma kuma Anti, in yaya ne ke da gaskiya fa? In na faɗa masa ya sake faɗuwa, ina zan sa kaina?

Kuma ita kanta, ban sani ba ko taimakonta nake yi ko azabtar da ita. Ba ta da bakin da za ta ce min ya isa. Shi ma ba shi da shi. Su biyu ne a hannuna, babu mai iya gaya min abin da yake so, ni kuma duk abin da na taɓa sai in ga na ƙara ɓata shi. In faɗa masa ko in yi shiru? In ci gaba da maganin ko in ƙyale ta? Ki yi min magana kamar ƙanwarki.

'Yar Kafinta

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Ban yi dariya ba, kuma duk wanda ya taɓa jinyar wani rai ba zai yi ba. Sannu da ƙoƙari. Jinya biyu kike yi ke kaɗai, ga aiki a shago, ba abin mamaki ba ne don kin ji hannunki ya gaza.

Bari in fara da yayanki. Ba mugunta ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa ba, tsoro ne. Ya ga mahaifinsa ya faɗi sau ɗaya, ba ya so ya sake gani. Ki girmama wannan tsoron, kada ki yi masa rashin kunya a kai. Amma shawarar tasa ba ta yi ba. In aka ce wa Baba ta fita ba ta dawo ba, an bar shi ke nan a bakin taga yana jiran abin da ba zai zo ba, ga shi ba ya iya tambaya. Wannan ya fi labarin ciwo nauyi. Batun musanya kuwa ki bar shi kawai, mutumin da ya san nauyin kyanwarsa a cinya ba a ruɗa shi da kala.

Ra'ayina shi ne a faɗa masa. Ki lura, ba kwanciyar hankali yake ciki ba yanzu. Yana ganin tana ramewa, yana ganin kina danne ta da tawul, yana jin kukanta a kicin, kuma an ce masa tsutsa ce. Baba dattijo ne mai hankalinsa, ya riga ya san akwai magana. Sai dai kafin ki faɗa, ki tambayi likitan da ke duba shi, ki gaya masa komai, ki ji ko akwai abin kiyayewa. In ya ba da dama, ki kira yayanki ya zo a yi da shi. Ki zaɓi lokacin da Baba ya huta ya sha maganinsa. Ki yi gajeriyar magana: hanjinta ke ciwo, ba zai warke ba, amma ana ba ta magani don ta ji sauƙi, kuma abincinmu na tayar mata da shi. Sannan ki yi masa tambayoyin da zai amsa da kai ko da matse hannu. Kyanwarsa ce, yana da haƙƙin a ji ta bakinsa ko da bakin ba ya furtawa.

Daga nan ki daina kulle ta. Ki zuba abincin da likita ya rubuta a ƙaramin faranti, ki ajiye a gefen hannunsa na hagu, nasa kwanon kuma a rufe har ta gama. Shi zai ba ta da hannunsa kamar yadda ya saba, abin da ke cikin hannun ne kawai ya canza. Ina kyautata zaton cin nasa ma zai dawo.

Maganin kuwa, ni ba likita ba ce, don haka ki koma wurin likitan dabbobin ki nuna masa hannunki. Ki ce ya gwada miki yadda ake bayarwa a gabanki, ki tambaya ko akwai na ruwa ko wanda ake ɓoyewa a cikin abinci. Kada ki fasa ko ki niƙa ƙwayar nan ta safar hannu sai da izininsa, kuma kada Baba ya taɓa ƙwayar. Ki daina ba ta magani a ɗakin Baba, a bar mata wuri ɗaya da ta san babu mai kama ta. In ta ƙi cin abinci gaba ɗaya, kada ki jira, ki kira likitan.

Kin tambaya ko azabtar da ita kike yi. Tunda har tana neman abinci tana hawa cinyarsa, da sauran daɗin rayuwa a tare da ita, a ba maganin dama. Amma ki roƙi likitan ya faɗa miki ƙarara alamomin da ke nuna wahala ta fi sauƙi yawa, ku kuma sa lokacin da za a sake duba ta a ga ko maganin na aiki. In ranar yanke hukunci ta zo, kada ki yanke ke kaɗai. Ki ji ta bakin likita, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa, ki sa Baba a ciki.

Ki kuma gaya wa yayyenki cewa shawara ta waya ta isa haka, hannu kike buƙata. Kowa ya ɗauki yini guda a mako ya zauna da Baba, ke ki fita ki sha iska.

Ba zan ce miki za ta warke ba, kin riga kin ji gaskiya daga likita. Ranar da za ki faɗa masa, in ya yi kuka ki bar shi ya yi, kada ki yi saurin share masa hawaye kina cewa ba komai. Ke ma ki yi naki a gabansa. Har yanzu mahaifinki ne, ki ba shi damar ya lallashi 'yarsa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta wa Ƙusa, ke kuma ya saka miki da alheri.

Antinku