Duwatsun da Suka Fito a Gonar Wake

Gangara, Litinin

Yaya Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aikin gidan tarihi? Tunda an yanke layin waya, na ba direban Jibiya wannan takarda.

Muna haƙar ƙasar rumbu a bakin gona sai muka ci karo da tukunya cike da ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu, kalar zuma. Ga guda a ƙulle. Wani ɗan kasuwar Maraɗi ya ce masu daraja ne, yanzu maza sun cika mini gona da diga, ga wake ya kusa tsinka. Hankalina ya tashi. Mene ne su?

Ƙanwarka,
Suwaiba

Katsina, Laraba

Suwaiba,

Wa'alaikumus salam. Ƙanƙarar bindigar toka ce. Ita ake ɗaurewa a kunamar bindiga, ta bugi ƙarfe, wuta ta kama albarushi. Irin wannan sassaƙa daga Turai fatake suke kawo ta, ta iya haura shekara ɗari biyu. Ba ta da kasuwa, amma yadda take kwance cikin ƙasa shi zai nuna mana wa ya binne ta, kuma yaushe. Don Allah kada kowa ya taɓa wurin. Ina tafe nan da mako biyu.

Yayanki

Gangara, Asabar

Yaya,

Gaisuwa. Mako biyu! Ni kaɗai zan tare maza talatin? Na karanta masu takardarka, suka ce kai ke son kwashewa. Sun fasa tukunyar, sun tone rabin waken.

Jiya na ɗauki dutse ɗaya na kai wa Baba Rabe maharbi. Ya ɗauko bindigar kakansa, ya biyo ni har gona. Ya ɗaura dutsen, babu albarushi, ya ja kunama. Tartsatsi ya tashi.

Ya ce, "Ga dukiyar taku nan. Mai son kunna taba ya matso."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka saɓa diga suka watse. Duwatsu tara na tsira da su. Ramukan kuwa suna nan, har akuyata ta faɗa ɗaya.

Suwaiba

Katsina, Lahadi

Suwaiba,

Na sake duba abin da na rubuto maki. Ko sau ɗaya ban tambayi waken ba. Ki yafe mani.

Gobe zan shigo motar farko. Ki aro mani shebur.

Yayanki