A Karɓe Usur Daga Hannun Helma Tanko

Zuwa ga Manajan gidan gurzar auduga, Gusau.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce Rabi, 'yar aji uku a sakandaren 'yan mata, ɗiyar Malam Garba mai ɗaukar buhu a ma'aikatarku. Ban iya tsayawa gaban manya in yi magana ba, shi ya sa na rubuto ta jarida.

Na ɗaya. Helma Tanko, shugaban leburori, yana da usur da guntuwar igiya. In ya busa, kowa ya sungumi buhu ya ruga, wanda ya zo ƙarshe ya sha igiya. Baba ya manyanta, saboda haka kusan kullum shi ne na ƙarshe. A kakar bana har kunnensa igiyar ta fasa.

Na biyu. Tun daga nan, duk inda Baba ya ji abu mai kama da usur, sai ya ɗauki abin da ke kusa da shi ya sheƙa. A gida ƙanena ya busa kara, Baba ya fice da turmin Inna, da gero a ciki. A kasuwar Bungudu wani makiyayi ya yi wa shanunsa fito, Baba ya saɓi buhun dawar mutane. Da ba don wani mutumin garin Nahuce da ya san shi ya shaida shi ba, da an yi masa dukan ɓarawo. A Tsafe kuma ɗan sanda ya busa wa wata mota, Baba ya ɗauki kawuna Isa cak, ga shi kawu ba ƙaramin mutum ba ne. Har yau ba sa gaisawa sosai.

Na uku. Mutane suna dariya, ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe mini. Amma in ya ajiye kayan, jikinsa rawa yake yi, gumi na zuba, ya kasa cin tuwo. Inna ta ce iska ce, an yi turare, ba ta tafi ba. Ni dai a ganina iskar tana sanye da gajeren wando, tana karɓar albashi a wurinku.

Ina roƙo a karɓe igiyar da usur ɗin, a kai Baba wurin likita, kuma kada a kore shi saboda wannan takarda, domin bai san na rubuta ba. A taimaka a yi kafin wasannin makarantarmu na ƙarshen zango. Zan yi tsere, Baba ya yi alkawarin zuwa kallo, kuma da usur ake tashin mu. Iyaye suna zama ne dab da Shugabar makaranta, ita kuwa ba ta da nauyi.

Allah ya ƙara girma, ya raba ka da shugaba mai igiya.

Wassalam.
Rabi Garba.